Zoben da Ya Ƙi Zama

Shekarar da na fara koyon ƙirar azurfa ita ce shekarar da likita ya ce mu mai da Mama gida, mu riƙa ba ta duk abin da ranta yake so. Babu wanda bai san fassarar wannan magana ba. A barandar asibiti a Malumfashi ya faɗa mana, ni da yayata. Yaya ta sulale ta zauna a ƙasa tana kuka, ni kuwa na tsaya ina kallon wani mai lemo a bakin ƙofa yana fere lemo, ɓawon yana ta tsawo bai tsinke ba. Har yau ina tuna ɓawon nan. Abin da na ji a raina ne ba na tunawa, kuma ina jin babu abin da na ji.

Ba ranar abin ya fara ba. Tun da aka rufe kamfanin gurzar audugar da nake wa aiki a Funtuwa aka sallame mu, na zama haka. Na yi shekaru a tsaye gaban inji, rana ɗaya aka ce kowa ya kama gabansa. Matata malamar firamare ce, ita ta ɗauki gidan, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ma ta yi, wataƙila da na ji zafi na motsa. Sai in tashi da safe, in yi wanka, in sa kaya kamar mai zuwa wani wuri, in fito in zauna a dakalin ƙofar gida har yara su taso daga makaranta. In an ba ni abinci in ci. Ran Lahadi in je sujada, in buɗe baki tare da mutane, in dawo dakalina.

A bayan kasuwa akwai rumfar wani tsoho maƙerin fari, wato masu aikin azurfa da tagulla, ba masu fartanya da lauje ba. Inuwa ce ta fara kai ni bencinsa, wata rana da matata ta aike ni cefane don dai in taka ƙafa. Na zauna, bai kore ni ba. Bayan kwana biyu na sake zuwa. Ya tambayi aikina, na gaya masa, daga ranar ya sa mini Injiniya, ni kuma ina ce masa Baba. Wata rana yana fama da wani ɗan kunne, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, tunda zaman kashe wando ka zo yi, riƙe mini nan."

Ya miƙo mini awartaki. Ƙira gado ce, ba a cika koya wa bare ba, balle ni da gidanmu manoma ne kaka da kakanni, ga shi ni Kirista, shi kuwa har da haƙorin Makka. Amma 'ya'yansa duk sun gudu, ɗaya yana sayar da waya, ɗaya yana acaɓa. Ya ce in dai zan iya riƙe awartaki ban ƙona shi ba, sauran ba ruwansa. Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Na riƙe.

Ban fi 'yan makonni da fara riƙon awartakin nan ba aka sallamo Mama. Muka kai ta ƙauyenmu, can gefen Ƙarfi, Yaya ta baro shagonta ta tare a wurinta. Lokacin bazara ne, zafi ya hana kowa sakat. Da la'asar aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, ta kira ni.

"Auta, an ce ka koma ƙira."

"Zama dai nake yi a wurin, Mama."

Ta sa Yaya ta ɗauko mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ɗan ƙyalle a ƙulle. Ta kwance shi da kanta, da ƙyar, ta ƙi a taya ta. Awarwaro ne guda ɗaya na azurfa, siriri, ya yi baƙi, ragowar kayan aurenta. Sai wani ɗan dutse mai kaifi-kaifi, bai kai ƙwallon dabino ba, launinsa irin na furen wake. Ta ce mahaifinmu ne ya tono shi yana huɗa, tun kafin a haife ni, ya kawo mata a aljihu ya ce zai sa a yi mata zobe da shi. Kullum sai kaka, kullum sai kaka, har ya rasu.

"Ka narka wannan, ka sa wannan a kai," in ji ta. "Ina so in sa shi da raina."

"Haba Mama," in ji Yaya.

"Da raina na ce. Ko ba ku ji likita ba?"

Na ce mata ko na tagulla ban taɓa yi ba. Ta ce to in koya, tana nan. Ta jawo zare daga kayan ɗinkinta, ta zagaya shi a yatsan kusa da ƙarami, ta ƙulla, ta gatsa da haƙori ta miƙo mini. Ta ce haka ake aika wa maƙera awo tun suna 'yan mata, ba mai zuwa ya ba maƙeri hannunsa. Na haɗa zaren da dutsen da awarwaron na ƙulle a ƙyallen, na sa a aljihu. Na san sarai abin da aka ɗora mini: zobe ne da ake so ya zauna a yatsan Mama kafin ta tafi, kuma babu wanda ya san yawan lokacin da ya rage.

Baba ya jiƙa dutsen da ruwa, ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana juyawa. Ya ce mai kyau ne, irinsa manoma kan tsinta jefi-jefi, yawanci yara su yi wasa da shi su yar. Sannan ya faɗa mini abin da ya yi ta maimaitawa har na gaji da ji.

"Dutse shi ne na ƙarshe. Sai an gama da wuta gaba ɗaya sannan ya shiga gidansa. In ya ji wuta, ko ya fashe, ko ya koma fari fat kamar gishiri. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba. Sai ka ɓata ɗaya za ka ji. Amma ba wannan ba."

Ya kulle awarwaron a akwatinsa, ya ce ba zan taɓa azurfa ba sai na iya aiki da jan ƙarfe. Na gaya masa mai zoben ba ta da lokaci. Ya ce ya sani, kuma awarwaron ma guda ɗaya ne. Ya zubo mini tsohuwar wayar wuta da ya saya wurin 'yan gwangwan, ya ce in fara.

Na yi ta yin zoben jan ƙarfe. In buga wayar ta yi faɗi, in gasa ta ta yi laushi, in lanƙwasa ta a jikin sandar ƙarfe mai tsini, in goge bakunan biyu da magagari har su haɗu ba a ganin haske a tsakani. Sannan in ɗora ɗan guntun sinadari, wato ƙarfen da ke narkewa ya liƙe baki da baki, in kunna wutar gas. A nan nake shan kashi. In wutar ta yi kaɗan, sinadarin ya dunƙule ya zauna yana kallona. In ta yi yawa, zoben ya narke ya zube. Wani lokaci sinadarin ya gudu gefe ɗaya ya bar bakin a buɗe. Baba ba ya faɗa. Sai ya ɗauka ya duba, ya jefa a gwangwani, ya ce, "Sake." Magagari ya cinye mini fatar babban yatsa, na ƙone a wurare da yawa, wata ƙunar ma sai na ga tabon nake sanin na yi ta.

Da rana ta take, lokacin da Baba ke tafiya masallaci, ni kuma in koma kan dutsen. Sai an shafe kaifinsa, an mai da ƙasansa shimfiɗaɗɗe, samansa ya yi tudu kamar bayan ƙwai. Ba mu da inji. Baba ya liƙa mini shi a kan ɗan kara da ƙaro, ya ba ni dutsen washi da kwanon ruwa. In goga, in jiƙa, in juya, in goga. Dutsen nan taurin tsiya gare shi, sai in yi wuni ban ga abin da ya ragu ba. Aikin ya dace da mutumin da ba ya jin komai. Ba na tunanin Mama, ba na tunanin kamfani, ba na tunanin kowa. Hannuna ne kawai ke tafiya yana dawowa, ruwan kwanon yana yin fari.

Yaya kan kira da yamma. Jiki sai a hankali. Yau ta sha kunu. Yau ta ƙi. Matan zumunta sun zo sun yi mata waƙa. Tana tambayar zobe. In ce to, ki gaishe ta.

Ranar da Baba ya fito da awarwaron, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Ya sa ni na yanyanka shi da kaina, na zuba a ɗan kaskon yumɓu, na bi shi da wuta. Guntayen suka yi ja, suka fara lanƙwashewa, sai kawai suka faɗa cikin juna suka zama ƙwallo ɗaya mai sheƙi yana rawa. Abin da Mama ta shiga gidan mahaifinmu da shi ke nan. Na tsaya in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Baba ya ce, "Zuba mana, zai huce." Na zuba.

Azurfa ta fi jan ƙarfe daɗin hannu, amma ta fi shi saurin narkewa, don haka Baba ya zauna a kaina kamar mai gadi. Na buga, na gasa, na tsoma a ruwan tsamiya ta fito fari sol. Na miƙe zaren Mama a kai, na ƙara ɗan kaurin ƙarfen kamar yadda aka koya mini, na yanke. Daga ragowar na buga siririn falle, na zagaye dutsen da shi, na yi masa gida daidai jikinsa, na liƙa gidan a kan zoben. Sai da aka gama da wuta, aka wanke, aka goge, sannan na saka dutsen, na bi bakin gidan da gogaggiyar ƙusa ina danna shi a hankali har ya kwanta ya riƙe shi. Zoben ya ɗan karkace ta gefe ɗaya. Baba ya juya shi ya ce, "Ba laifi," kuma wannan ne yabo mafi girma da na taɓa ji a bakinsa.

Da na kai mata, ruwa ya sauka, ana ta shuka. Tana gindin mangwaron nan, sai dai yanzu da matashi biyu a bayanta. Ta karɓa ta daɗe tana kallon dutsen, ta ce ashe haka yake da kyau a ciki. Ta zura shi. Ya wuce gaɓa ba tare da ya taɓa ta ba, ta ɗaga hannu, dutsen ya juya ya faɗa cikin tafinta.

"Ya yi yawa," in ji ta.

Ba kuskuren awo ba ne. Zaren daidai yake da yatsan da aka auna da bazara, yatsan ne ba shi ba. Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, Mama ta dube ta, Yaya ta fasa. Ta jawo wani zaren ta ƙulla, ta gatsa, ta haɗa mini da zoben.

"Koma ka rage."

"Ya kwana mana, Mama," in ji Yaya.

"Bar shi ya tafi. Yana da aiki."

Tun da aka sallame mu ba wanda ya faɗi haka a kaina. Na lura da maganar, na ajiye ta, na je na tsaya a bakin titi ina jiran mota.

Rage zobe mai dutse ya fi yin sabo wahala. Dole a yanke ɗan guntu daga bayansa a sake liƙewa, liƙi kuwa wuta ne, azurfa kuma ba ta ɓoye zafi, in ka gasa nan can ma ya ɗauka. Saboda haka sai an fara ɗaga bakin gidan da tsinin wuƙa, kaɗan-kaɗan, a zagaye, a fitar da dutsen a ajiye shi nesa. Baba ya ce bakin nan siriri ne, duk buɗewa da rufewa yana gajiya, kar in ɗauka ƙofar ɗaki ce. Ya yi mini 'yan kwanaki yana sa ni gwadawa a kan na jan ƙarfe da tsakuwa kafin ya bar ni na taɓa na Mama. Na yanke guntun, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Baba ya tsince shi ya jefa a wani ɗan gwangwanin man zafi, don maƙerin fari ba ya zubar da ko ƙurar azurfa.

Yaya ce ta zo Funtuwa sayayya ta tafi da zoben. Ba a daɗe ba ta dawo da shi, da wani zaren. Ta tsaya a bakin rumfar, ta gaida Baba da ladabi, sannan ta jawo ni gefe.

"Kai wane irin mutum ne, Auta? Uwarka tana ƙarewa, kana nan kana goge ƙarfe."

"Ita ta ce."

"Ita ta ce, ita ta ce. Ku biyun nan kun ishe ni. Tun daga asibiti ko ɗigon hawaye ban gani a idonka ba."

"Babu ne, Yaya. Da akwai da na ba ki."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Ba gatse na yi mata ba, gaskiya na faɗa. Na sha zama in ce wa kaina, Mama za ta mutu, in maimaita, in jira. Kamar in ce gobe Talata. Ta cusa mini ƙyallen a hannu ta tafi ba sallama.

Na sake buɗewa, na sake yankewa, na sake liƙewa. Wannan karon hannuna ya fi sauri, har Baba ya fara tura mini ƙananan ayyuka, gyaran sarƙa da maƙalin ɗan kunne. Amma da na zo rufe gidan dutsen, wani ɗan layi siriri kamar gashi ya fito a bakin. Baba ya gani, ya kai shi kusa da ido, ya mayar mini. Na ba wani direban garinmu ya kai.

Masara ta yi tsawo ta fara goyo lokacin da zoben ya dawo karo na uku, a hannun direban nan. Na kwance ƙyallen a gaban Baba. Duk zarurrukan awon suna ciki, don ban taɓa yar da ko ɗaya ba, ga kuma sabo. Ya ɗauke su ya jera a kan uwar maƙera, ƙarfen da muke bugu a kai, ya daidaita gindinsu. Kowane ya fi na bayansa tsawo. Na ƙarshen nan, da wani ya kawo mini shi, da na ce na yarinya ne.

Na ɗauki wuƙa zan fara ɗaga bakin, ya riƙe mini hannu.

"Injiniya, bakin nan ya gama. Ka sake taɓa shi, zai tsage, dutsen ba shi da mazauni. Ka sa wuta da dutsen a ciki, ka san sauran."

"To a yi sabon gida."

"Da wace azurfar? Tata ta ƙare. In ma na ba ka tawa, a hannunka mako nawa zai ci? Kana da makonnin?"

A nan ne raina ya ɓaci, karo na farko a wannan shekarar. Na ce wata nawa ina zaune a nan ina ƙona yatsu, ashe zobe guda ɗaya ya gagare mu, ni da shi da furfurarsa. Na faɗi maganar da ƙarfi, har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Baba bai yi fushi ba. Ya tattara zarurrukan ya haɗa da zoben, ya ƙulle ƙyallen da kansa.

"Bai gagare mu ba. Hannun ne yake gudu, ba za ka cim masa ba. Ɗauki ka tafi gida yau, ba gobe ba."

Na hau mota zuwa Malumfashi, daga nan na hau acaɓa. Hanyar ƙauyenmu ta ratsa gonaki, dawa ta rufe ko'ina, wake a ƙarƙashinta yana ta fure. Fushin ya huce tun kafin mu fita Funtuwa, na koma yadda nake. Ina tafe ina shirya yadda zan gaya mata cewa abu ɗaya da ta roƙa ya gagara.

Ba ta gindin mangwaro. Tana ɗaki, an buɗe taga don iska. Yaya tana zaune a bakin gadon tana yi mata fifita, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Mama ta buɗe ido.

"Auta. Ka rage?"

"Ba ya raguwa kuma, Mama."

Na zauna a ƙasa na shiga yi mata bayani, kamar wadda ta zo koyon sana'a. Na gaya mata zancen bakin da ya gaji, da layin da ya fito, da yadda dutse ba ya shiga wuta, da yadda azurfa ke kai zafi ko'ina. Na yi ta magana, ban san me ya sa ba. Ta rufe ido tana ji har na ƙare.

"Duk ka san wannan yanzu," in ji ta. "Ina zarurrukan?"

Na kwance ƙyallen. Ta ce Yaya ta ɗaga ta. Yaya ta zauna a bayanta ta jingina ta da ƙirjinta. Ta ɗauki zoben da hannun hagu, ta ɗauki zare mafi tsawo, ta fara naɗa shi a bayan zoben, wurin da na yi ta yankewa. Zaren yana kuɓuce mata, tana sake kamawa. Da ya ƙare ta ɗauki na biyu ta ɗora a kai, sannan na uku, sannan na ƙarshen. Ta ƙulla, ta kai baki za ta gatsa, haƙorin ya kasa, Yaya ta sunkuya ta gatsa mata. Ta zura zoben. Ya ɗan tsaya a gaɓa, ta tura, ya wuce. Ta ɗaga hannun ta girgiza shi. Dutsen bai motsa ba.

"Ya zauna," in ji ta.

Na daɗe ina kallon hannun.

"Mama, da ma kin san haka?"

"Wace mace ce ba ta sani ba?" in ji Yaya. "Tun ranar da ka fara kawo shi na ce bari in naɗa mata zare, ta hana ni. Duk dawowar da ya yi sai mun yi faɗa."

"To me ya sa, Mama?"

Ta ɗan huta kafin ta amsa, don magana ta fara yi mata nauyi.

"Da na naɗa tun farko, da ka koma dakali. Matarka ta ce yanzu kana riga ta fita." Ta sake duban zoben. "Ya ɗan karkace. Na gaba ka gyara hannunka."

"To, Mama."

"Akwai aiki gobe?"

Na ce akwai 'yan kunnen wata amarya da Baba ya ba ni, amma ba na sauri ba ne. Ta ce to. Wannan karon ba ta kore ni ba, ni ma ban tashi ba.

Ta yi 'yan kwanaki da zoben a hannu. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ɗaga masa shi, ta ce Auta ne ya yi. Fasto ya gani, matan zumunta sun gani, har maƙwabciyarmu Hajiya da ke kawo mata fura ta kama hannun ta ce ita ma a yi mata. Da ta daina magana ma, in an taɓa hannun sai ta dunƙule shi. Wata safiya, bayan an sha koko, Yaya ta fito tsakar gida ta kira ni, na gane tun kafin ta faɗa.

Da mata suka shiga shirya ta, Yaya ta leƙo ta ƙofa, idonta ya kumbura.

"Zoben fa? A cire maka?"

"Bar mata. Ya zauna."

Aka yi sujada, aka yi waƙa, aka kai ta kusa da mahaifinmu. Na riƙe akwatin ta gefe ɗaya, na zuba ƙasa da aka ce in zuba, na karɓi gaisuwa. Mutane suna cewa Auta namiji ne, ya yi dauriya. Ba dauriya ba ce, amma na bar su a haka.

Bayan an watse zaman makoki na koma Funtuwa. Na isa rumfar da hantsi. Baba ya yi mini ta'aziyya, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, na ce amin. Na zauna a wurina, na jawo 'yan kunnen amaryar nan, na kunna wuta. Sai ya miƙo hannu ya ajiye ɗan gwangwanin man zafi a gabana.

"Naka ne. Ba na haɗa shi da azurfar kowa."

Na buɗe, na juye a tafin hannuna. Guntaye biyu ne, waɗanda na yanke daga zoben, kowane kamar ƙwayar shinkafa. Na dube su, na ga iyakar raguwar da yatsan Mama ya yi daga bazara zuwa tsakiyar damina, ga shi a hannuna, ni na auna, ni na yanke. Na mai da su, na ɗauki awartaki zan ci gaba, ya faɗi. Na sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Baba ya miƙo hannu ya kashe gas ɗin, ya saki labulen buhun da ke bakin rumfar, ya koma ya zauna yana jan carbinsa bai dube ni ba. A nan na yi kukan da Yaya ta daɗe tana nema, da majina da komai, a bayan kasuwa, da rana tsaka, har aka kira azahar. Ya tashi ya tafi masallaci, ya ce in kula masa da rumfa.

Washegari na riga matata fita.